Kujera Ba Abokin Takara: Abin da Tarihin Zaɓe a Kaduna Ya Nuna Mana

Duk ma'aikacin ikkilisiya da aka turo aiki arewacin kogin Kaduna ba zai yi wata guda bai wuce ta gaban waɗansu gine-gine uku ba. Akwai Lugard Hall mai ƙubba, inda majalisar dokokin tsohuwar Jihar Arewa ta zauna, inda kuma majalisar jihar Kaduna take zama har yau. Akwai Arewa House, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har daren da aka kashe shi. Akwai kuma Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamna. Mun saba ganinsu har ba ma ɗaga ido. Amma babban rabo na tarihin da za mu duba a nan a cikin ganuwar waɗannan gidaje ya faru, kuma ya taɓa garken da muke kiwo fiye da yadda muke zato.

Abin da muke so mai karatu ya lura da shi guda ɗaya ne. Sau uku a tarihin ƙasarmu masu mulki suka yi ƙarfi har aka rasa wanda zai ja da su a akwatin zaɓe: a 1964, a 1983, da kuma a 1998. A duk ukun an yi ta murna cewa an sami kwanciyar hankali, kuma a duk ukun abin bai kai ko'ina ba. Jayayyar da aka hana ta fitowa ta akwati ta nemi wata ƙofa.

Bari mu fara da zamanin Sardauna. A watan Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar talakawa wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, takenta Sawaba. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta rikiɗa daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa, takenta Salama, tana da goyon bayan sarakuna. Babu dokar da ta haramta NEPU, kuma ba a bukaci irin wannan doka ba. A wancan lokaci 'yan doka, da kotun alƙali, da gidan yari, da masu karɓar haraji duk a hannun En'e suke. Wanda yake so ya yi lacca sai ya nemi izini daga En'e. In an hana shi ya yi, an kama shi da laifin taro ba izini. In an ba shi kuma ya faɗi abin da ya taɓa sarki, an kama shi da laifin cin mutunci. Manomin da aka san ɗan Sawaba ne yakan ga harajinsa ya hau, ko rigimar gonarsa ta ƙi ƙarewa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidan yari sau da yawa saboda siyasa, alhali a lokacin ita da sauran matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a ma. Sai a shekarun 1970 aka ba su.

A nan muna so mu gyara wani tunani da muke yawan ji a aji. Ɗalibai da yawa suna ɗauka siyasar Arewa tun farko Musulmi ne a gefe ɗaya, Kirista a ɗaya gefen. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Waɗanda suka fi shan bulala da ɗauri a Kano, Katsina da Zariya Musulmi ne, teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure. A cikin gwamnatin NPC kuma akwai Kiristoci masu riƙe da muƙamai, irin su Michael Audu Buba. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci sauran labarin da kyau.

Kakanninmu a bangaskiya su ma sun shiga fagen. Ƙungiyoyin da suka haɗu suka zama UMBC a tsakiyar shekarun 1950 yawancin jagororinsu 'ya'yan makarantun mishan ne, kuma ɗaya daga cikin manyansu fasto ne, David Lot na Panyam. Tambayar da ta raba su ita ce har yanzu take raba mu: a shiga cikin masu mulki a samo wa jama'a makaranta da asibiti da hanya, ko a tsaya a waje a yi hamayya? Ɓangaren Fasto Lot ya zaɓi ƙawance da NPC. Joseph Tarka, wanda ya karɓi ragamar UMBC a 1957, ya zaɓi hamayya, ya ƙulla da AG ta Awolowo. Ba mu ga dalilin yi wa Fasto Lot hukunci daga nesa ba, don mutumin da jama'arsa ba su da rijiya ba ya raina kujerar minista. Amma dole a faɗi cewa duk wanda ya tsallaka ya bar layin hamayya da ƙarancin mutum ɗaya, kuma waɗanda suka rage su suka sha wuyar. Ƙasar Tibi ta kama da wuta a 1960, ta sake kamawa a 1964 har aka tura soja.

Lissafin kujeru ya nuna yadda ƙofar ta riƙa rufewa. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta sami kujeru 134 cikin 174 na Arewa. NEPU ta sami 8, AG da abokanta suka sami 25. Zuwa zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1961, 'yan hamayyar da suka rage a Lugard Hall ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu biyu ba. Sai zaɓen 30 ga Disamba 1964. Tun kafin ranar, an bayyana 'yan takarar NPC fiye da sittin a Arewa sun ci ba hamayya. 'Yan adawa suka yi kuka cewa an hana su miƙa takardun tsayawa: a je ofis a tarar jami'in zaɓe ba ya nan, ko a kama ɗan takara a hanya a tsare shi har lokaci ya wuce. Gamayyar UPGA ta ce ta ƙaurace wa zaɓen. NPC ta tashi da kujeru 162 cikin 167 na Arewa, Malam Aminu kansa ya rasa tasa. Shugaban ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki yana jan ƙafa kafin ya kira Abubakar Tafawa Balewa ya kafa gwamnati. A watan Oktoba 1965 aka yi zaɓen Jihar Yamma wanda ya fi wannan muni, aka shiga ƙone-ƙone. A daren 15 ga Janairu 1966 Manjo Nzeogwu da mutanensa suka afka gidan Sardauna a nan Kaduna.

Kada a fahimce mu a karkace. Kisan nan mugun abu ne, yana kuma da dalilai da yawa ban da zaɓe, kuma abin da ya biyo baya, kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya fi duk abin da ake kuka da shi muni. Sardauna ya bar aiki na gani da ido: Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, masaƙun Kakuri da suka ciyar da dubban iyalai na kowace kabila. Abin da muke cewa shi ne, a lokacin da sojan suka tashi, mutane da yawa a ƙasar sun riga sun fid da rai cewa ƙuri'a za ta iya sauya wani abu, don haka mulkin farar hula bai sami isassun masu kare shi ba. Sai da aka yi shekara goma sha uku kafin a sake zaɓen shugaba.

Jamhuriya ta biyu ta ba Kaduna darasi nata na musamman. A 1979, lokacin jihar tana haɗe da Katsina, jama'a suka yi abin mamaki: suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP gwamna, suka kuma ba NPN kusan kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa. Da an bi abin da haƙuri, da wannan ya zama makarantar koyon zama da abokin hamayya. Sai majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, sau bayan sau, har ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba majalisar zartarwa. Shi ma, a gaskiya, ba mai lanƙwasuwa ba ne. A ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. PRP kanta ta rabe gida biyu, 'yan Taɓo da 'yan Santsi, Malam Aminu kuma ya rasu a watan Afrilu 1983, wata huɗu kafin zaɓe. A zaɓen Agusta 1983 NPN, wadda ta ci jihohi 7 cikin 19 a 1979, ta share fiye da rabin jihohin ƙasar, har da Kaduna inda Lawal Kaita ya zama gwamna. A Ondo sakamakon da aka bayyana ya jawo kisa da ƙone gidaje kafin kotu ta mayar wa Ajasin kujerarsa. Lawal Kaita wata uku ya yi a gidan gwamnati. Waɗanda muke 'yan makaranta a lokacin muna tuna safiyar 31 ga Disamba 1983, da kiɗan soja a rediyo, da yadda manya a unguwa ba su nuna wani baƙin ciki ba.

Zamanin soja ya zo da wata dabara, wato a bar sunan takara a cire mata rai. A 1989 Janar Babangida ya ƙi rajistar ƙungiyoyin da 'yan siyasa suka kafa, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC, ya rubuta musu manufofi, ya gina musu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma. Duk da haka jama'a suka hura wa abin rai. A ranar 12 ga Yuni 1993 Abiola, Bayarabe, ya kada Bashir Tofa a jiharsa ta Kano. Abiola da mataimakinsa Baba Gana Kingibe duk Musulmi ne, amma Kiristoci masu yawa suka zaɓe su ba tare da gardama ba. Ya kamata mu yi tunani a kan wannan. Lokacin da mutane suka gaskata ƙuri'arsu tana da nauyi, ba addinin ɗan takara kaɗai suka duba ba. Aka soke zaɓen. Bayan shekara biyar, jam'iyyu biyar da gwamnatin Janar Abacha ta yi wa rajista duk suka tsayar da shi ɗan takararsu a watan Afrilu 1998. Bola Ige ya kwatanta su da yatsu biyar na hannun kuturu. A lokacin ne kalmar tazarce ta shiga bakin kowa, kalmar da ta haye iyaka ta je Nijar a 2009 lokacin da Tandja ya nemi zarcewa, soja suka kifar da shi a Fabrairu 2010. Shehu Musa 'Yar'aduwa ya mutu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. Waɗanda suka yi ƙarfin halin rubuta wa Abacha wasiƙa su ce a'a 'yan Arewa ne goma sha takwas, Kirista da Musulmi, cikinsu har da Solomon Lar, Adamu Ciroma da Abubakar Rimi. Mutuwar Abacha a 8 ga Yuni 1998 ce ta warware ƙullin. Akwati bai sami damar yin aikinsa ba.

Yanzu mun zo inda maganar ta fi yi mana nauyi. Daga 1999 PDP ta riƙe tarayya shekara goma sha shida. A 2003 ta ƙwace jihohi biyar cikin shida na ƙasar Yarabawa daga AD. Zaɓen 2007 ya lalace har Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya ci, ya amsa a jawabinsa na rantsuwa cewa akwai kurakurai, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais. Wani shugaban jam'iyyar ya yi alfahari cewa za su yi shekara sittin suna mulki. Ina muryarmu take a waɗannan shekaru? Waɗansu shugabannin ikkilisiya sun yi magana, musamman a kan neman zango na uku da Majalisar Dattawa ta kashe a watan Mayu 2006. Amma a majami'unmu na Kaduna, da yawa cikinmu mun yi shiru, domin wanda yake sama a 2003 namu ne, jam'iyyar kuma ita ce yawancin membobinmu suke bi. Maguɗi bai dame mu ba sai da ya juyo kanmu. Maƙwabtanmu da suka tsaya a rana don Buhari a 2003 da 2007 suka ga abin da aka yi da ƙuri'arsu sun lura da shirun nan.

Akwai kuma abin da kogin ya yi wa siyasarmu. Bayan rikicin shari'a na Fabrairu 2000 da rikicin Nuwamba 2002, garin ya rabe. Kiristoci suka yi ta ƙaura zuwa Sabon Tasha, Television, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora. Musulmi suka tattara a Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Unguwar Sarki da Badarawa. Wannan rabuwa tana kashe takara tun daga tushe, ba tare da wani ya sa hannu a doka ba. A rumfar zaɓen da kowa ya san abin da kowa zai zaɓa, wakilin ɗaya jam'iyyar yana tsoron tsayawa, kuma inda babu wakilin abokin hamayya ana iya rubuta abin da aka ga dama. Haka yake a ƙetaren kogi, haka yake a wannan gefe. Mutumin da bai taɓa zama da wanda ya zaɓi wani ɗan takara dabam ba, in aka ce nasa ya faɗi, ba zai yarda ba, don duk wanda ya sani nasa ya zaɓa. Mun ga ƙarshen wannan a watan Afrilu 2011. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa goma sha biyu, kuma jiharmu ce ta fi kowa asara. An ƙone majami'u a Zariya da cikin Kaduna, an kashe Musulmi masu yawa a Zonkwa da kewayen Kafanchan. Fasto da zai koyar da wannan tarihi ya ambaci duka biyun.

Shekarar 2015 ta nuna abin yana yiwuwa. Jam'iyyun adawa suka haɗe suka zama APC a 2013, Buhari ya ci, Jonathan ya buga waya ya amsa faɗuwa tun kafin a gama sanarwa. Kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ɗan jihar nan yake cikin masu tafiyar da shi, ya taimaka. A Kaduna Nasir El-Rufa'i ya kada gwamna mai ci, Ramalan Yero. Wannan ne karo na farko da ƙuri'a ta sauke shugaban ƙasa a Nijeriya, kuma garin ya kwana lafiya.

Sai dai alamun da muka gani a 1964 da 1983 suna sake bayyana, cikin sabuwar riga. Masu fitowa zaɓen shugaban ƙasa sun ragu daga kusan kashi 69 cikin ɗari a 2003 zuwa kusan 44 a 2015, 35 a 2019, da 27 a 2023. Cikin mutum fiye da miliyan 93 masu rajista, wanda ya ci a 2023 ya sami ƙasa da miliyan 9. Kuɗin takardar neman tsayawa takarar shugaban ƙasa a APC a 2022 naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40, wato malamin makaranta irin Aminu Kano ko Tafawa Balewa ba zai ko kusanci ƙofar ba yau. Abin lura, masu zaɓen Kaduna ba su daina raba ƙuri'a ba. A 2023 Atiku ne ya ci jihar, Tinubu na biye, Peter Obi ya sami kusan dubu 300. PDP ta ɗauke kujerun sanata duka uku, Uba Sani na APC kuma ya ci gwamna da tazarar ƙuri'a kusan dubu goma sha ɗaya kawai cikin fiye da miliyan ɗaya da rabi. Amma a zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoba 2024 aka bayyana APC ta cinye duka 23 da kujerun kansila 255. Haka ake yi a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ce take mulki. A 2025 kuma gwamnonin Delta, Akwa Ibom da Enugu, waɗanda aka zaɓa a PDP, suka koma APC. Tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta rabe, amma wace jam'iyya ce ba za a iya nuna ɓaraka a cikinta ba? Gwamna kuwa babu abin da ya ɗaure shi. Ta haka ake juya ƙuri'ar mutum bayan ya koma gida. 'Yan adawa su ma suna da nasu laifin, don rigimar shugabanci ta cinye PDP da Labour daga ciki.

Wani zai ce, ina ruwan mai wa'azi da wannan? A Benin, Bishop Isidore de Souza ne ya shugabanci taron ƙasa na Fabrairu 1990 da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya. A Malawi, wasiƙar bishop-bishop na Katolika da aka karanta a majami'u a watan Maris 1992 ce ta fasa tsoron Banda, aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1993. Ba su tsayar da ɗan takara ba. Sun nemi a buɗe filin ga kowa ne. A nan gida, mutumin da ya je har Kotun Ƙoli a 2002 ya sa aka rushe sharuɗɗan da hukumar zaɓe ta gindaya don hana rajistar ƙananan jam'iyyu shi ne Balarabe Musa, tare da Gani Fawehinmi. Dukansu Musulmi ne, kuma ƙofar da suka buɗe ita ce matasanmu da yawa suka bi a 2023.

Mu kuwa jarabarmu ta fi zuwa a cikin ambulan. Babu ɗayanmu da bai san ranar godiya ko ranar tara kuɗin gini da babban baƙo ya zo, aka ba shi makirufo, ya yi alkawarin kwanon rufi ba. A wata majami'a da muka yi hidima, dattawa sun taɓa zama har dare a kan ko a gayyaci abokin takarar wanda ya ba da siminti shi ma ya zo ya gaisa da jama'a. Masu cewa kada a ɓata wa mai kyauta rai suka rinjaya. A ranar Lahadi mai zuwa wani dattijo, wanda aka san yana bin ɗaya jam'iyyar tun zamanin PRP, ya zauna a bencin baya, bayan wata biyu kuma ya daina zuwa. Ba wanda ya kore shi, kamar yadda ba dokar da ta haramta NEPU.

Akwai kuma wani aiki ƙarami da ya rataya a wuyan masu hidima a wannan gefen kogi. Yawancin membobinmu suna hayo gada ne ranar Lahadi daga unguwannin da suka koma, amma waɗansunsu har yanzu katin zaɓensu yana ɗauke da rumfar tsohuwar unguwa, inda ba sa jin za su iya tsayawa a layi ranar zaɓe, ga shi kuma ana hana zirga-zirga a ranar. Haka ma akwai Musulmin da suka baro Kakuri ko Television da katinsu na can. Hukumar zaɓe tana karɓar buƙatar sauya rumfa duk lokacin da aka buɗe rajista. A ikkilisiyoyin da muka tambaya, ba mu sami ko ɗaya da sakatarenta ya san membobi nawa ne suke cikin wannan hali ba.